Masuncin da autanmu ya sa a waya

Mu biyar ne a ɗakinmu, ni ce babba, shi ne auta, shekara goma sha ɗaya na ba shi. Lokacin da aka yi mini aure aka kawo ni Birnin Kebbi daga Argungu bai daɗe da gama firamare ba, sai Baba ya ce ya biyo ni ya yi sakandare a hannuna. Baba masunci ne, yana kuma noman shinkafa da albasa a fadama. Bai yi boko ba, amma yana son a ce ɗaya daga cikin 'ya'yansa maza ya yi.

A unguwarmu ta Nasarawa, kan hanyar da nake bi zuwa makarantar da nake koyarwa, akwai wani shago da ake kallon bidiyo. Mai shagon ya sayo tsohon akwatin gem daga Kudu ya ajiye a lungu. Tsawonsa ya kai na firij, da gilashi irin na talabijin a gaba, da wata ƙaramar sanda mai dunƙulallen kai da ake juyawa. Sau ɗaya na taɓa ganinsa da idona, ranar da Auta bai dawo cin abincin rana ba na je nemansa. A cikin gilashin wani ɗan abu ne rawaya, kamar wainar da aka gutsura, yana bin lunguna yana haɗiye ɗigo-ɗigo, wasu dodanni masu launi suna bin sa. Samari sun yi cincirindo suna ihu. Shi kuwa Auta ba ya cikin masu bugawa. Yana tsugune a bayan akwatin yana leƙa wata kafa da katakon ya tsage.

Na kama kunnensa na ja shi waje. Ko kuka bai yi ba. Cewa ya yi, “Yaya, wa yay yi wanga abu?”

Na ce, “Mi ya dame ka da wanda yay yi shi? Wuce mu tahi gida.”

Ashe tambayar ba ta bar shi ba. Akwatin ya lalace bayan wani lokaci, mai shagon ya cire gilashin ya mayar da katakon wurin ajiye kaset. Auta ya gama sakandare ya shiga makarantar kimiyya da fasaha, a lokacin kuma an fara buɗe kafe na intanet a gari. Can ya je ya tono tarihin gem ɗin, ya bugo a takardu ya kawo gida. Ina tuƙa tuwo yana zaune a ƙofar kicin yana karanta mini, yana fassarawa.

Ya ce mutanen Jafan ne suka yi shi tun ba a haife shi ba. Da farko a irin wancan akwatin ake sayar da shi, masu shaguna da wuraren cin abinci suna saye suna ajiyewa. Ya tsallaka teku ya je Amurka, can ma aka yi ta rububinsa. Da mutane suka fara sayen na'urar gem ta gida, sai aka zuba shi a kaset aka sake sayar musu. Aka sa shi a ƙaramar na'ura ta hannu, aka sake sayarwa. Aka buga hotonsa a riguna da jakunkunan makaranta da kayan wasan yara. Ga shi har ya fara shiga waya.

“Abu guda, Yaya,” in ji shi, yana buga takardun a gwiwarsa. “Uba ya saye, ɗa ya saye, jika ma za shi saye. Kuma mi ac ciki? Cin abinci da gudu. Shi ke nan. Mu nan muna da abin da yah hi wannan daɗi.”

Na ce mene ne. Ya ce su, wato kamun kifi.

Abin da yake nufi shi ne ya yi nasa gem ɗin. Masunci a kife kan gora, da homa, ragar kamun kifi, a hannu biyu, yana bin kifi cikin ciyawar gulbi, kada da dorina suna farautarsa. In ya kama tarwaɗa ya sami maki kaɗan, in ya kama giwan ruwa ya haye mataki na gaba. Na yi dariya a ranar. Daga baya da na ga ba wasa yake ba, ni na lallashi maigidana ya samo masa wata tsohuwar laftof a wurin abokinsa. Batirinta ya mutu, sai an jona ta da wuta take tashi, in aka ɗauke wuta kuma duk abin da bai adana ba ya tafi. Da ita ya koyi aikin, shi kaɗai, babu malami. Na sha ganinsa ya dafe kai da hannu biyu don fankar ɗaki ta tsaya.

Ya gama makaranta bai sami aiki ba. Baba ya aiko ya dawo gida a yi noman rani, ya ce yana nan tafe, bai tafi ba. Shekara ta zagayo, Baba ya sake aikowa. Yayyensa maza suka fara magana, suna cewa ni na ɓata shi, na bar ƙato a ɗaki yana wasan yara. Ban musa ba, don ni ma wani lokaci haka nake gani. Amma in ya kira ni ya nuna mini yadda ɗan masuncin ya fara motsa ƙafa a ruwa, sai in bar shi ya ci gaba.

Akwai wata safiya da nake yawan tunawa. Mun je Argungu hutun ƙaramar salla, Auta ya ɗauki laftof ɗin ya kai wa Baba a zaure. Na ɗauka faɗa za a yi. Baba ya ƙura wa gilashin ido ya daɗe, sannan ya ce, “Wanga masunci naka yunwa za ta kashe shi. Ba haka aka riƙon homa ba.”

Ya tashi ya ɗauko homarsa da gora ya ce mu bi shi. Muka gangara bakin gulbi, rana ba ta yi zafi ba tukuna. Dattijo mai furfura ya tuɓe riga ya kife kan gora ya shiga ruwa, yana nuna wa ɗansa yadda ake buɗe hannu, yadda ake haɗe bakin homa biyu in kifi ya shiga, yadda ake tura ruwa da ƙafa ba tare da an kore shi ba. Auta yana tsaye ruwa iya gwiwa da waya a hannu yana ɗauka. Can Baba ya ji motsi, ya haɗe hannu ya ɗaga murya, “Ya shiga! Kihi ya shiga!” 'Yar ƙaramar tarwaɗa ce, amma yadda ya yi murna sai ka ce bai taɓa kama kifi ba.

Wannan muryar Auta ya yanko ya sa a gem ɗin. Duk lokacin da ka kama kifi sai ka ji Baba ya ce ya shiga.

Sai da ya shekara huɗu yana aikin kafin ya gama. Ya ɗora shi a inda ake sauko da gem a waya, ya bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya yana sa musu. Ya ce da farko kyauta zai bar shi, in mutane sun saba sai a yi maganar sayarwa, haka manya suke yi. Kullum da safe sai ya duba ko an sami sababbin masu saukewa. Makon farko dangi ne da abokai. Mako na biyu aka sami wasu da bai sani ba, ya zo yana rawar jiki ya nuna mini. Daga nan abin ya tsaya cak. Wata ya wuce, wani ya bi.

Bai zauna ba, wannan zan shaide shi. Ya zaga shagunan cajin waya na Birnin Kebbi yana roƙon a riƙa tura wa masu zuwa. Da aka yi bikin kamun kifi ya buga takarda mai hoton masuncin ya tsaya a rana yana nuna wa baƙi. Sun yaba, wasu sun ɗauki hoto da shi, suka shiga motocinsu. Wani mai babbar riga ya ce ya same shi a ofis. Ya yi ta zuwa yana zama a benci har masu gadi suka san shi, bai taɓa wuce ɗakin jira ba.

Amma abin da ya karya shi a gidana ya faru. 'Yata ta fari, lokacin tana aji biyar, ta karɓi wayata bayan la'asar tana wasa. Auta ya leƙa ya ga ba nasa take bugawa ba, wancan ɗan rawayan ne mai haɗiye ɗigo, wata ƙawarta ta tura mata. Ya zauna kusa da ita ya tambaye ta a hankali me ya sa ba ta buga nasa.

Ta ce, “Kawu, naka ai aikin Kaka ne. In mun je gida kullum muna gani.”

Ba da mugunta ta faɗa ba, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ya ce, “Haka ne,” ya tashi ya shiga ɗaki. Na bi shi ina cewa maganar yara ce. Ya ce a'a, gaskiya ta faɗa, wanda ya san su ba ya son ganinsa a waya, wanda bai san shi ba kuma bai san da mu ba balle ya nema.

A daminar shekarar Baba ya kwanta ciwo. Auta ya tattara kayansa ya koma Argungu, wannan karon ba wanda ya aiko. Shi ya yi jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa. Bayan arba'in yayyensa suka nuna masa nasa kason na fadama, ya karɓi fartanya ya shiga gona. Shekara biyu bayan haka ruwa ya yi ambaliya, ya ci shinkafar, ya shiga unguwarmu ta Argungu ya rushe ɗakin da yake kwana. An tono laftof ɗin daga cikin laka. Mai gyara ya buɗe ta ya ce babu abin da za a iya cirewa. Can inda ya ɗora gem ɗin kuma sun riga sun aiko masa cewa sai ya sabunta shi ya dace da sababbin wayoyi, in ba haka ba za su sauke. Ba shi da abin da zai sabunta da shi. Suka sauke.

'Yan uwa kowa ya canza waya, gem ɗin ya bi tsofaffin. Ya rage a tawa kaɗai. Na ƙi rabuwa da ita duk da gilashinta ya tsage, yara suna yi mini dariya. Ba iya bugawa na yi ba. Nakan dai lallaɓa in kama kifi ɗaya don in ji muryar Baba, don ba mu da ita a ko'ina sai nan. Inna ma in na je gida takan ce in kunna mata, ta kara a kunne, ta miƙo mini.

Bara wayar ta ƙi tashi. Na kai ta kasuwa wurin mai gyara, na ce masa akwai abin da ba na son ya ɓata a ciki. Ya ce ba matsala. Da na koma washegari ta tashi, amma ya wanke ta tas, ya ce sai da haka ta yarda. Na tsaya a gaban teburinsa ina kuka, mutane suna tambaya ko rasuwa aka yi mini.

Na yi wata uku ban faɗa wa Auta ba. Da na je Argungu na same shi a fadama da hantsi, yana tsugune gaban injin ban ruwa ya kwance shi. Ya rame, ya yi baƙi, furfura ta fito masa a gemu tun bai kai arba'in ba. Yana da mata da 'ya'ya uku yanzu. Na zauna a kan kunyar gona na faɗa masa abin da ya faru.

Ya ci gaba da goge wani ƙarfe da tsumma. Ya ce, “Ba komi, Yaya.”

Na ce, “Ba ka iya sake yin shi? Ko kaɗan-kaɗan, in an samo wata kwamfuta? Ni zan yi magana da maigidana.”

Ya girgiza kai. Ya ce ya manta yadda ake rubutawa, abubuwan ma duk sun canza, yaran yanzu sun wuce inda ya tsaya. In ma ya sake yi, wa zai shiga ruwa ya yi masa magana? Na ce to ni ce na cuce shi, da na bar shi ya dawo gida tun kiran farko da yanzu ya yi nisa a noman, ko ya nemi aikin gwamnati tun takardunsa suna da daraja. Ya ce kada in ƙara faɗin haka, ba wanda ya sa shi.

Albasar ta fara yaushi don kwana uku ba ta sha ruwa ba, ga maƙwabcinsa can injinsa yana ta aiki. Ya ɗaga ƙarfen ya duba a rana, ya ce ya tsage, ba ya gyaruwa, kuma an nema a kasuwar Argungu babu, sai dai ko wani mutum a Ambursa da aka ce yana da tsohon inji irin nasa. Ya naɗe shi a tsumman ya sa a aljihu. Ya ce in tashi ya sauke ni a gida wurin Inna, yana son ya je ya dawo kafin azahar.