Ranar da Baba Ya Tsayar da Ni Ina Kan Gaba

Ko zan manta komai na ƙuruciyata a Azare, ban da ranar Lahadin da wani dattijon bakanike ya ɗaga mini hula a tsakiyar fili, ya hana ni cin tsere.

A lokacin ina da wata 'yar mota mai ƙofa biyu, ja, 'yar Kwatano. Mu kusan goma ne masu wannan haukan. Bayan an kwashe amfanin gona, sai mu nemi izinin wani fili a hanyar Gamawa, mu jera tsofaffin tayoyi, mu yi ta zagaye ana duba lokaci a waya. Kullum wani abokina ɗan Jama'are ne ke cinye mu, ni kuwa Allah ya yi ni da baki, ba na son a fi ni. Sai na ƙudura sa wa motata turbo, wato na'urar nan mai kamar dodon koɗi da hayaƙin salansa ke juyawa, tana cusa wa inji iska ya ƙara ƙarfi.

Kowa ya ce in tafi Kano. Ni kuwa na kai wa Baba, wani dattijo ɗan asalin Barno da aka sani da gyaran injin ban-ruwa da na niƙa. Dariya ba irin wadda ba a yi mana ba. Har a gabansa wani ya ce, "Ka ga motar da za ta koma niƙa masara."

Wata biyu yana aikin, kuma har yau ban ga aiki irinsa ba. Turbon daga wata matacciyar mota ya ciro shi, bututan kuwa da hannunsa ya lanƙwasa su. Ba shi da kwamfuta. Doguwar sukundireba yake ɗorawa a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya rufe ido, sannan ya ɗan taɓa saitin wuta. Ranar da ya miƙo mini makulli, sharaɗi ɗaya ya kafa. Ya ce, "Ɗana, wannan injin yanzu ba ya cin kowane mai. Gidan mai kawai. Kada ka kuskura ka sha na 'yan bumburutu."

Na ce, "An gama, Baba."

Makon tseren sai ga layin mai har ya kai kwana. Na duba layin nan, na duba agogo, na zagaya bakin tasha na sayi galan biyu a hannun 'yan bumburutu. Na ce a raina ai fetur fetur ne, kuma ban gaya wa kowa ba.

Ranar tseren, da aka sake mu, na taka totur, sai na ji kamar an tokare ni a baya. Kafin kwana ta biyu na wuce ɗan Jama'are. Ina jin ihun mutane, ina jin kaina a sama. A zagaye na biyu sai na hango Baba ya tako har bakin tayoyin, yana kaɗa hularsa. Na taka birki ina huci, abokin karawata ya wuce ni yana ɗaga hannu.

Na ce, "Haba Baba! Ni ne fa a gaba!"

Ya ce, "Bar ta ta ɗan huce, sannan ka kashe. Yau ta gama gudu."

Nan fili ya ɗauka da dariya. Wai turbon injin ban-ruwa ya gaza. Baba ya zagaya bayan motar. Ya buɗe murfin tanki ya shinshina, ya kalle ni sau ɗaya, ya mayar ya rufe. A nan na gane ya sani. Da kalma ɗaya zai wanke kansa a gaban kowa, amma ya tsaya ana yi masa dariya, ni kuma na yi shiru kamar ban san komai ba. Wannan shirun har yau kunyarsa nake ji.

Washegari a gareji ya ciro filogi ya nuna mini wasu ɗigo-ɗigo masu sheƙi a bakinsa. Ya ce fistin da ke cikin injin ne ya fara narkewa, domin man an gauraya shi da kananzir. Daga inda yake tsaye ya jiyo injin yana ƙwanƙwasa, ni da ke zaune a ciki ban ji ba. Ya ce, "Da ka ƙara zagaye ɗaya, da inji ya tsaya maka cak a kwana, ga mota a bayanka."

Na tambaye shi me ya sa bai faɗa a fili ba. Ya ce, "Ni na tsufa, dariya ba ta yi mini komai. Kai kuwa abokanka ne, da su za ka zauna."

Sai da na yi mako uku ina jin ana zagin aikinsa a majalisa kafin na iya fitowa da gaskiya. Ran nan na kwashi abokan nan duka zuwa garejinsa, na faɗi abin da na yi, tun daga layin mai har galan biyun. Baba yana ƙarƙashin wata mota, bai ma fito ba. Da na gama ya ce, "To madalla. Miƙo mini sifana mai lamba goma sha uku."

Abin da na koya shi ne, idan wani ya rufa maka asiri da mutuncinsa, kada ka bari ya kwana a haka. Ni na bar Baba ya kwana ashirin da ɗaya.