Gudumar Zaɓen Azara

Bazarar da muka rushe tsohon soron nan na Kalgo ba ta fita raina ba har yau. Zafin shekarar ya yi tsanani, kowa na gaggawar yin rufi kafin ruwa ya sauka, masu neman tsohuwar azara har layi suke yi.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba: maza ke hawa su kwance gini daga sama, su sauko da azara ɗaya-ɗaya. Mu mata muna ƙasa, muna cire ƙusa, muna ware tubali mai kyau. Babba a cikinmu ita ke riƙe ƙaramar guduma. Takan ƙwanƙwasa kowace azara ta saurara: mai lafiya tana amsawa tangaran, wadda gara ta cinye cikinta kuwa sai ta yi "bif". Tun muna aiki a Gwandu gudumar nan tana hannuna.

A shekarar Malam Sanda, ubangidanmu, ya ɗauko Hassi, 'yar Kalgo, sa'ar ɗiyata. Wata rana da hantsi na buga wata azara, na sa a kai ta tarin masu kyau. Sai na ji Hassi daga bayana:

"Inna, wagga fa gara ta gama da ita."

Na ce, "Yaushe kika zo, ɗiyar nan?"

Malam Sanda ya sa gatari. Gari ya zubo kamar an kwance buhu. Bai yi faɗa ba. Ya matso kusa da kunnena, abin da ya fi faɗa yi mini ciwo, ya ce, "Yaya, ƙarar kwanon rufi ta ci kunnenki. Azarar nan kan mutane za ta hau. Ba yarinyar gudumar."

Na miƙa mata. Na koma kan ƙusa, ina miƙe lanƙwasassu ina kallon Hassi. Har yadda take karkata kai in za ta saurara haushi yake ba ni, don nawa salon ne ta kwashe. Da rana ta kawo mini fura, na ce na ƙoshi, alhali maƙogwarona ya bushe. Mata suna ta "Hassi, zo ji wagga!" Sunana ko sau ɗaya bai fito ba.

A mota, muna komawa Gwandu, na tuna abin da ni kaina nake gaya wa sababbi: a sana'ar nan ba mu zubar da komai, wuri kawai muke sake masa. Ban taɓa zaton maganar za ta iso kaina ba.

Washegari na riga kowa isa wurin azara. Da Hassi ta ɗaga guduma, sai na tsuguna a ɗaya bakin azarar, na ɗora tafin hannuna. Na ce, "Buga." Ta buga, itacen ya yi rawa har gwiwar hannuna.

"Mai kyau ce," na ce, kafin ta buɗe baki.

Ta yi dariya. "Inna, kin riga ni!"

Na ce, "Kawo ta gaba." Amma idona yana kan gudumar.