Mai Batir Ba Ya Shan Asid

Duk layin masu gyaran mota babu wanda bai san Mai Batir ba. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai faci da mai walda, cike da batura da wayoyi ja da baƙi. Ba shi da riga ko ɗaya da asid bai huda ba, har uwargidansa ta gaji da ɗinki ta zuba masa ido. Mutum ne mai fara'a da taurin kai, kuma gaskiya taurin kan ya fi yawa.

Ranar da batirin tirela ya suɓuce masa, ya kwanta da ciwon kafaɗa, sai 'ya'yansa suka taru a kansa. Babban ya ce, "Baba, ka huta haka nan. Tunda ɗaga batir ya gagara, mu rufe shagon." Maganar ta yi masa ciwo fiye da kafaɗar. Ya ce su ba shi lokaci. In ya kasa ɗora batirin tirela a kan benci, shi da kansa zai sa wa shagon kwaɗo.

Da likita ya yarje masa, sai ga dattijo a gidan motsa jiki, yana ɗaga ƙarfe a tsakiyar samari. Washegari ko cokali da ƙyar ya kai baki. Kocin wurin ya tausaya masa, ya ajiye gwangwani biyu a gabansa.

"Baba, naman jiki sai da abinci yake farfaɗowa bayan wahala. Wannan garin furotin ne, daga madara ake yin sa, yana ƙosarwa, a hankali yake bin jiki. Wannan kuwa ya fi saurin shiga jini, amino asid ke nan."

Mai Batir ya ja da baya. "Me asid? Ni za ka ba asid in sha? Ɗana, dubi rigata!"

Koci ya yi bayani har ya gaji, ko a jikin dattijo. Ya rungumi gwangwanin furotin ya yi gida. Daga ranar ya shiga yi wa samarin wa'azi, yana kiransu 'yan shan ruwan batir, su kuwa suna ta ƙyaƙyata dariya.

Autarsa, wadda ke aikin jinya, ita ta ɓallo ruwa. Ta same shi yana dama garin a kofi, yana ba ta labarin yadda ya tsallake rijiya da baya. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, ai furotin ɗin nan in ya shiga ciki, farfashewa yake ya koma amino asid. Wancan an riga an farfasa shi ne kawai."

Ya ajiye kofin a hankali. "Ƙwai fa?"

"Har ƙwai, har wake, har kifi."

Da aka kawo abincin rana, ya ƙi taɓawa. Ya zauna ya yi tagumi, ya tasa kwano a gaba. Uwargida ta wuce da tsintsiya ta ce, "Malam, tun kana yaro kake cin abin nan, ina ya huda ka?" Ya shafa cikinsa, can ya fashe da dariya ya jawo kwanon.

Da safe ya je ya ba koci hannu. "Na gane. Naku asid ɗin na gida ne, nawa na daji." Amma bai sauya gwangwani ba. Ya ce tunda duk wuri ɗaya za su, gara wanda ke cika ciki.

Ranar gwaji mai faci da mai walda suka bar aikinsu suka tsaya a ƙofa. Mai Batir ya yi bisimilla, ya durƙusa, ya ciccibi batirin. Gumi na ta zuba. Babban ɗan ya miƙo hannu zai taya shi.

"Matsa," in ji Mai Batir.

Batir ya sauka a kan benci, dim! Layi ya ɗauki shewa. Shi kuwa daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa, ya juya baya ya kama neman sifana don kada yaran su gani.