Zoben Kamarar Basira

Shekara ashirin da biyu ke nan Basira na ɗaukar hoto a Matameye. Wurin mahaifinta, Malam Ɗahiru mai hoto, ta koya, don ita yake turawa gidajen da namiji ba ya shiga. Da ya rasu, ya bar mata tsohuwar kamara da gilashinta mai nauyin gaske.

Da kamarar ta mutu, mijinta Bawa, mai zuwa cin rani Kano, ya kawo mata sabuwa. Sai bakin tsohon gilashin ya ƙi zama a jikinta. Rani na gaba ya zo da wani zobe da ake ɗaurawa tsakaninsu. A cikin zoben akwai ƴan ƙusoshi masu ruwan zinariya, kowacce ba ta fi ƙwayar gero ba. Ta nan wuta ke bi, kamara ta gaya wa gilashi ya tsuke idonsa ko ya buɗe. In ya tsuke, na gaba da na baya duk su fito tas. In ya buɗe, sahu ɗaya kawai ke fitowa, sauran su dushe.

Shekara shida zoben bai ba ta matsala ba. Aikin ne ya yi ta raguwa, tunda kowa da waya a hannu, ga ciwon baya ya sa ta gaba.

Wata Laraba aka kira ta Yauri, wani gari kusa da Matameye, matan ƙungiyar masu man gyaɗa na son hoton da za su liƙa a takardar rajista. Ta hau kabu-kabu, ta isa da hantsi. Mata talatin da ɗaya sun sha kwalliya, ta jera su sahu uku a gindin bishiyar bedi. Ta murɗa ɗan maɓallin tsuke ido, lambar da ke fuskar kamarar ba ta motsa ba. Sifiri biyu kawai ke kallonta.

Ta kwance zoben ta hure, ta goge da gefen mayafi, ta mayar. Shiru. Ta sake kwancewa ta nisanta shi da fuskarta, don idanunta sun daina ganin abu na kusa. A nan ta lura ƙusa ɗaya ta lume, ba ta tasowa.

Indo, shugabar matan, tsohuwa mai sanda, ta ce, "Ƴar nan, ƙafafunmu fa sun fara tsami."

"Yi haƙuri, Inna. Kamarar ce ba ta jin gilashin."

"To ki ɗauka hakanan mana."

"In na ɗauka hakanan, ke za ki fito, na bayanki su zama hayaƙi."

Indo ta waiwaya ta dubi na baya. "A'a. Su ma sun daka gyaɗa."

Basira ta kai su bayan katangar lakwal, wato makarantar boko, inda inuwa take, ta jera su sahu guda kafaɗa da kafaɗa. Ta yi ta ja da baya har ta shiga gonar wani kafin su shiga hoton duka. Fuskokin sun yi ƙanana, amma kowa ta gane kanta. Sai bayan azahar ta kama hanyar gida, ƙarangiya cike da zanenta.

Da la'asar ta kira Bawa a Kano, ta gaya masa zoben ya lalace. Ya ce, "Mene ne ma sunan abin? Na manta."

"Ni ma ban sani ba, Malam. Zobe dai."

Ta ɗauki hotonsa da waya ta tura masa. Ya zaga shaguna, wanda ya sayar masa ya tashi, sauran suka ce sai an aiko daga Legas.

Har yanzu ba a aiko ba. Basira ta daina karɓar hoton taro. Mutum ɗaya take ɗauka, ko uwa da jariri, a zauren gidanta, tana zaune bisa kujera saboda bayan.