Ranar Katako ta Kawu

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kafinta. Tun tasowata kujeru da ƙofofi yake yi a wani ɗan shago mai taga ɗaya. Da aka gina bene a gabansa, hasken rana ya daina shigowa. Bai yi wa kowa ƙorafi ba. Sai ya fara tara guntayen katako, ya yanka su zagaye, ya manna musu tsinkaye a kewaye, ya shafa fenti ruwan ɗorawa. Rana ce, in ji shi.

Ta farko matarsa ya ba. Ta jujjuya ta, ta ce, "Maigida, agogo ne ka manta hannayensa?"

Ta biyu ya kai wa babbar 'yarsa. Da ya koma gaishe su, ya tarar da tukunya mai zafi a kai.

"Baba, abin nan ya yi min rana," in ji ta. "Teburina ya daina ƙonewa."



Telan da ke maƙwabtaka da shi ya ce fure ne. Mai facin taya ya rantse sitiyarin jirgin ruwa ne. Don a daina gardama, Kawu ya ƙara tsinkayen, ya zana idanu da baki a tsakiya.

Bayan 'yan kwanaki wata mai shagon kayan kyauta ta leƙo, ta tafa hannu.

"Malam, zakunan nan nake so! Ka yi min da yawa."

"Wane zaki, Hajiya?"

"Ga geza, ga fuska. Ko ba kai ka yi su ba?"

Ya sosa ƙeya. Tunda zaki take so, ya dage ya sa kunnuwa da gashin baki. Da ta dawo ta ce waɗannan kyanwoyi ne, na farkon take nufi.

Ranar da na je, na same shi zaune kan benci, ya jera su a gabansa.

"'Yar nan, tsakaninki da Allah, me kike gani?"

"Rana, Kawu."

Ya kalle ni ya ce, "Ke ma don kar raina ya ɓaci ne."

Har yanzu yana yin su, kuma ana ɗauka. Jiya ma wani direba ya tafi da guda biyu, ya ce a bangon ɗakin jaririnsa zai rataye. Kawu ya naɗe masa su a takarda, bai tambaye shi komai ba.