Tsokanar Gajere

Dogo ne mai kula da rumbun bayanan ofis, a ɗaki mai sanyi da ba a cika leƙowa ba. Kowace safiya, umarnin da ya ajiye cikin rumbun yakan kira wata manhajar waje, wadda marigayi Gajere, abokin aikinsa, ya rubuta. In ta gama aiki sai ta ce, "Ka makara, Dogo!" alhali shi ke buɗe ƙofa. Ita kaɗai ta rage mai tsokanarsa.

Da sabuwar manhaja ta zo, shugabar sashe ta ce, "Baba, cire tsohon kiran nan."

"To, ranki ya daɗe."

Ya goge layin. Washegari ya rataye hularsa, ya zauna gaban kwamfuta. Ba wanda ya ce ya makara.