Ya'u Bahago da Yaronsa na Cikin Littafi

A Ƙofar Galadima, cikin birnin Zariya, an yi wani baduku ana ce masa Ya'u Bahago. Da hagu yake riƙe basilla, kuma babu mai kushe ɗinkinsa. Ajami tun yana yaro ya iya, amma boko sai da furfura ta fara leƙo masa sannan ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya koya.

A shekarar 1974, Malam Yona, wani malamin makaranta daga Wusasa, ya kawo masa jaka gyara. Da Ya'u ya zazzage ta sai ga wani littafin labari na Hausa, bangonsa duk ya sha jiki. Ya tsaya yana haɗa baƙaƙe, ya manta da jakar.

Malam Yona ya ce, "Na ara maka, Malam Ya'u. Amma kullum ka karanta, ka rubuta abin da ka gani." Ya haɗa masa da littafin rubutu da fensir.

Labarin wani yaro ne, Tanko, tun tasowarsa a ƙauye har ya zama mutum. Shafi biyu Ya'u ke yi kowace hantsi kafin ya taɓa fata. Abin da yake rubutawa kuwa yawanci faɗa ne. Ran Talata ya rubuta, "Yau Tanko ya yi wa kawunsa ƙarya. Ban ji daɗi ba." Ran Laraba, "An kama shi. Madalla." Ran Alhamis, "Dukan ya yi yawa. Kawun nan ma a duba shi."

Kafin wata guda labari ya zaga unguwa. Haruna wanzami ba ya wuce rumfar sai ya ce, "Bahago, ina yaronka ya kwana?" A gida ma matarsa Sailuba takan tare shi da, "Malam, sun ba shi abinci yau kuwa?"

Ranar da Tanko ya bar gida ba sallama, Ya'u ya rubuta layi ɗaya tak: "Ni ma haka na yi." Ya rufe rumfa, ya hau kekensa ya nufi Kufena wurin yayarsa Ramatu, wadda ta raine shi, rabonsa da ita shekara huɗu saboda wata 'yar magana. Ta dube shi ta ce, "Ashe ka san hanya?" Ta yi masa faɗa son ranta, sannan ta dama masa fura.

Wata uku ya yi kafin ya kai ƙarshe. A shafin ƙarshe na littafin rubutunsa ya rubuta, "Tanko ya sami aiki a tashar jirgi, ya yi aure. Ni dai na sauke nauyi." Malam Yona ya karanta yana dariya har da hawaye, ya roƙi littafin rubutun don ya karanta wa 'yan ajinsa.

Sailuba kuwa ta ce aure ba ya tafiya haka nan. Ta toya waina ta rarraba wa maƙwabta, ta ce ta bikin Tanko ce. Wata tsohuwa ta karɓi tata, ta yi wa amarya da ango addu'a, sannan ta aiko a tambayi Ya'u laifin me ta yi masa da bai kai mata goron ɗaurin aure ba.